Shekarar da Fedar Haladu Ta Yi Ƙugi

Akwai maganar da na san kun daɗe kuna ji a bakin mutanen unguwa, amma ba wanda ya taɓa tunkarata da ita sai 'yar'uwarku Rabi, lokacin da ta zo wankan gida na ɗanta na biyu. Muna zaune a ƙarƙashin rumfa bayan la'asar ta tambaye ni, wai da gaske ne an taɓa karɓe mini aikin lasifikar masallaci saboda na ɗauki wayar masallaci na sa wa jita? Na ce mata akwai gaskiya a ciki, amma ba yadda ake faɗa ba. Ranar ban ƙara komai ba. Yanzu da na samu zama, ga yadda abin ya faru, har da inda ni ma na yi kuskure.

A lokacin ina da rumfar gyaran rediyo a kusa da tashar Rano, ta langa-langa, da benci ɗaya da teburin da na gada wurin maigidana. Ina gyara rediyo da kaset da talabijin, direbobin Kano kuma suna kawo mini na motocinsu. Bayan wannan, ni ke kula da lasifikar masallacin unguwarmu. Ba biyana ake yi ba, kuma ban taɓa nema ba. Makullin akwatin amfilifaya yana aljihuna fiye da shekara goma, kuma in ladan ya ɗaga murya aka ji shi tar har bakin kasuwa, sai in ji kamar da ni aka yi kiran. Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba, amma duk cikin ayyukana shi na fi ji da shi.

Baffanku Haladu, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, ya tafi Kano tun yana saurayi da sunan koyon ɗinki. Can ya haɗu da wani mutumin Gana mai kaɗa jita, ya ajiye keken ɗinki ya bi shi. Shekara da shekaru yana kaɗawa a otal-otal da wuraren biki, da haka ya yi aure, da haka yake ciyar da matarsa Saude da 'ya'yansu uku. Inna, kakarku, tana ƙauyenmu na gefen Fammar, ba ta taɓa furta kalmar jita ba. In za ta ambace ta sai ta ce wannan katakon. Ni kuwa ban taɓa son sana'ar ba, amma hannuna yana ciki, don ni na ƙera masa ɗan akwatin da yake takawa da ƙafa in yana kiɗa. Wata rana ce ya aro irinsa na Turawa ya kawo mini, na buɗe na zana hanyoyin wayoyinsa a takardar buhun siminti, na ciro tiransisto biyu daga matacciyar rediyo, na harhaɗa na cusa a robar sabulu. Yana kiransa feda, kamar ta keke. In ya taka, sai sautin jitar ya yi kauri ya ja tsawo kamar na goge. Da wannan sautin aka san shi.

Sai shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, ba a daɗe da soja suka koma bariki ba. Ina so ku sani ni kaina ina cikin waɗanda suka cika mota daga Rano suka je taron, kuma na dawo ina murna, har yau ban yi da-na-sani ba. Abin da ban yi tunani ba a ranar shi ne inda Haladu zai sa kansa. Wuraren da yake kiɗa wasu suka rufe, wasu suka sallami makaɗa. Abokansa suka watse, wasu Jos, wasu Legas. Kafin ruwan farko na shekarar da ta biyo baya ya sauka sai ga shi a ƙofar gidana da iyalinsa da katifa biyu da jitar a nannaɗe cikin zanen gado. Ummanku ta kwashe buhunan masara daga ɗakin da ke kusa da zaure, ta share, ta ce su shiga. Ba ta jira na ce komai ba.

Wata biyu yana zaune. Yakan bi ni rumfa ya zauna a benci yana kallon motoci. Abokan Legas suna ta aiko masa ya taho, akwai aiki. Ana cikin haka wani mai suna Malam Nasiru, mai ɗakin ɗaukar waƙa a Kano, ya aiko nemansa. Yana shirya waƙoƙin faɗakarwa da ake sakawa a rediyo, na kai yara asibiti, na yankar katin zaɓe, na adana amfanin gona, kuma ya gaji da sautin fiyano da kowa ke amfani da shi. Ya tuna da wani mai jita da ke kuka kamar goge. Haladu ya yi wanka ya sa babbar riga ya tafi da safe. Kafin magariba ya dawo, ya ajiye robar sabulun a gabana.

"Yaya, mutumin ya sa mini abin ji a kunne, na ji da kaina. Da na taka fedar sai wani ƙugi ya taso, zuuu, kamar an rufe ƙudan zuma a tulu. Ya ce ba zai iya ɗaukar wannan ba."

Ashe ƙugin ya daɗe a ciki. A otal, da ganga da hayaniya da ƙarar inji, ba mai jin sa. A ɗakin da aka toshe ko'ina da soso kuwa, shi ne abu na farko da ke shiga kunne. Malam Nasiru ya ba shi mako biyu. In an gyara ya dawo, in ba a gyara ba shi Malam Nasiru zai ci gaba da fiyanonsa. Haladu bai ɓoye mini ba, ya ce in wannan ta kuɓuce masa zai bar mini Saude da yara ya bi abokansa.

Ban san wanda ya kai wa Inna labari ba. Ranar Juma'a na je gaishe ta, na tarar tana ɓarar gyaɗar iri. Kun san ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana, kuma ba ta cika haɗa ido da ni ba. Ta yi magana tana ɓara, idonta a kan faifai.

"Mai Rediyo, an ce wancan zai tafi Ikko. In ya tafi, ba zai dawo ya same ni ba. Kai ka san kan wayoyi. Ka gyara masa katakonsa."

Tunda nake ba ta taɓa roƙona komai ba, ko sabulu. Na hau babur na koma Rano da maganar a raina.

A gida na yi aikin, ba a rumfa ba, don a kwanakin nan mutane na sa ido a kan duk abin da ya shafi kiɗa. Na kafa ƙaramin tebur a ɗakin Haladu, na kawo ƙarfen narka dalma da mita da wata 'yar amfilifaya da na haɗa daga kaset ɗin mota, mai aiki da batir. Abu na farko da na zarga shi ne adaftar da yake jona fedar da ita a bango, irin mai arhar nan ta kasuwa. Na cire ta na sa batir. Nan take ƙugin ya ragu da kusan rabi, Haladu har ya fara murmushi. Na ce kada ya yi sauri, rabin da ya rage ma ya isa a sake koro shi. Daga nan na bi kowane ɗigon dalma na sake narkawa. Na canza kwandansa, na canza tiransisto ɗaya, na gajarta wayoyin da na bari suna reto tun farko. Na sa shi ya kashe ƙarar jitar gaba ɗaya, ƙugin yana nan, na gane ba jitar ce ke haifar da yawancinsa ba. In na kai yatsa kusa da robar sai ya ƙaru, in Haladu ya dafa tsirkiyoyin jitar sai ya ragu. Kwana biyar ina wannan, ina rufe rumfa da azahar in taho. Duk abin da mita ta nuna mini daidai yake, amma da an taka sai zuuu. Na fara jin haushin kaina, har na yi wa Haladu tsawa wata rana don kawai ya tambaye ni ko da sauran dabara.

Ummanku ce ta warware mana, tana tankaɗe a tsakar gida. Ita ba ta taɓa leƙa teburin ba, amma kwana biyar kunnenta na cikin abin. In aka ɗauke wuta, ƙarfen dalmata ya huce, ni sai in tashi in koma rumfa, Haladu kuma ya ci gaba da ɗan kaɗawa a hankali shi kaɗai. Rana ta shida na shigo ina cire takalmi ta tare ni.

"Malam, abin nan naku ba da batir kuka ce yake aiki ba? To me ya haɗa shi da wutar gari? Ni dai na lura in an ɗauke wuta muryarsa takan washe, har sai maƙwabta sun tayar da inji. In firjina ya tashi kuwa, har cikin haƙorina nake jin sa."

Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Shekara ashirin ina gyaran rediyo, na san waya tana iya shan abin da ke yawo a iska, da haka ma rediyo take kama tasha. Amma da yake ni na ƙera akwatin, sai na kafe a kan cewa laifin yana cikin abin da na liƙa. Ban yi tunanin daga waje yake shigowa ba, daga wayoyin bango da doguwar fitila da firjin da take sayar da zoɓo da ƙanƙara, ita kuwa robar sabulu ba ta tare komai. Haladu ya ce shi bai lura ba, in yana kaɗawa ba ya sauraron komai sai hannunsa. Na ce to mu je inda ba wuta ko ta ƙyalle, mu ji da kunnenmu.

Washegari da hantsi muka ɗaura batirin mota a bayan babur, Haladu ya rungume jitar a zanen gado, muka nufi Fammar. An yi ruwa kwana biyu kafin nan, hanya duk taɓo, sau biyu muna sauka mu tura. A bayan gidan Inna akwai tsamiya, nan muka shimfiɗa tabarma muka jona komai. Haladu ya taka fedar. Shiru. Na ƙure ƙarar har ƙarshe, ba abin da ke fita sai wani siririn huci kamar numfashin mai barci. Ya ja tsirkiya ɗaya, sautin ya fito ya miƙe, tsaf, har wasu Fulani da ke wucewa da shanu suka tsaya suna waige. Ya kaɗa wani ɗan take da mata ke yi a ƙauyenmu in suna daɓe, ya maimaita sau uku. Da na juya sai na ga Inna a bakin danga da ƙwarya a hannu. Wannan ne karon farko da ta ji abin da ɗanta ya yi shekara goma sha biyar yana yi. Ba ta ce ya yi daɗi ba. Ta dai tambaye ni ko an gyara ke nan. Na ce a'a, an dai gano ciwon, akwatin na bukatar rigar ƙarfe da za ta rufe shi ruf, kuma sai na nemo. Ta shige ɗaki. Can sai ta fito da wani tsohon gwangwanin shayi mai murfi, wanda tun muna yara take ajiye allura da zare da maɓallai a ciki. Ta juye su a gefen zaninta ta ƙulle, ta miƙo mini ba tare da ta dube ni ba, ta ce in wannan zai yi.

Ya yi, amma ba nan take ba. Da na huda shi na mayar da kayan ciki na rufe, muka gwada a Rano, sai ƙugin ya fi na da. Haladu ya riƙe kai. Ni kuwa a lokacin na riga na san hanyar da nake bi. Gwangwanin yana tara abin da ke iska amma ba shi da inda zai zubar. Na kankare fentin wuri guda har ƙarfen ya yi fari, na liƙa masa wayar ƙasa ta fedar, na kankare bakin murfin shi ma don ya haɗu da jikin. Da muka taka, firji na aiki, fitila na kunne, ƙugin ya faɗi ƙasa warwas. Saura ɗan kaɗan, kuma na san daga ina yake. Wayar da ke tsakanin jitar da fedar irin ta fitila ce, tsirara. Ana bukatar irin ta makirufo, mai saƙar ƙarfe a jikinta.

A nan ne na yi abin da ake ba ku labari. Watanni kafin nan na canza wayar makirufon masallaci, don tsohuwar ta karye a wuri biyu. Liman da kansa ya ce in zubar, ni kuwa mai gyara ba ya zubar da waya, na jefa ta a kwalin tarkace a rumfa. Kwana uku suka rage wa Haladu, ba a samun irinta sai Kano. Na tuna da ita, na yanko kamu huɗu daga inda take da lafiya, na sa mata kawuna. Wallahi a lokacin ban ga komai a ciki ba sai waya. Haladu ya tafi Kano da gwangwanin Inna a jaka, ya kwana biyu, ya dawo da tsire da lemo da labarin cewa Malam Nasiru ya sa abin ji a kunne ya daɗe yana saurare, sannan ya ce ya ɗan juya kujerarsa ya bai wa taransifomar titi baya, aka fara ɗauka.

Wayar tana da koren salatif da na naɗa mata tun tana masallaci. Alhaji Ado, shugaban kwamitin masallacin, ya shigo zaurena wata rana neman a duba masa rediyo, ya gan ta rataye a jikin jitar, ya gane ta. Bayan kwana biyu aka ce in tsaya bayan sallar la'asar. Mu biyar ne a zaune. Alhaji Ado ya ce wayar da aka yi shekaru ana kiran salla da ita yanzu tana ɗaukar kiɗa, kuma a wannan lokaci da kowa ke ƙoƙarin gyara halinsa, bai kamata mai riƙe da makullin lasifika ya zama gidansa ne ake jiyo jita ba. Ban ga laifinsa ba a kan maganar wayar. Na ce na yi kuskure, ya kamata in tambaya, na ba da haƙuri, kuma na zo da ita a aljihu na ajiye a gabansu. Liman, Allah ya jiƙansa, ya ce shi ya ce a zubar, kuma waya ba ta da alwala balle ta karye. Amma Alhaji Ado ya ce ba nan maganar ta tsaya ba. Ko dai jitar ta bar gidana, ko makullin ya bar aljihuna.

Na san in jitar ta fita, mai ita zai bi ta, kuma ba Fammar zai nufa ba. Na ce musu:

"Ƙanena ne. Abin da yake kaɗawa yanzu kira ne a kai yara asibiti, kuma da shi yake ciyar da 'ya'yansa. Ba zan ce masa ya fita ba. Ga makullinku, Allah ya ba wanda zai riƙe ikon riƙewa."

Na ajiye shi a kan tabarma na fito. Ba zan ce muku bai yi mini ciwo ba. Watanni ina shiga sahu, in lasifika ta yi ƙara ko ta yanke sai in ji hannuna na motsi, in tuna ba aikina ba ne. Wasu da suka saba kawo mini gyara suka koma wani wuri, wasu suka daina zama a bencina. Ummanku ta ce in sauya masallaci, na ƙi, don ba da masallacin na yi faɗa ba. Ba a sake ba ni makullin ba, ni ma ban sake nema ba. Ni da Alhaji Ado mun ci gaba da gaisawa, kuma da ya rasu ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Haladu bai san abin da ya faru ba sai bayan wata guda, a bakin wani direba. Ya shigo rumfa ya ɗauki tsintsiya ya share mini wurin tas, abin da bai taɓa yi ba.

Aikin Malam Nasiru ya ɗauke shi shekara huɗu ko biyar, yana zuwa Kano sau biyu a wata. Kafin kwamfuta ta zo ta maye gurbin makaɗa, ya riga ya samu fili a fadamar Lausu ya fara noman albasa, ya gina ɗakunan nan biyu da ke jikin katangarmu. Shi ya sa kuka tashi da 'ya'yansa su Sadiya da Aminu a tsakar gida ɗaya, kuna ci a kwano ɗaya, har baƙi ba sa gane ɗan wane ne wane. Inna ta ƙara shekara shida a duniya. Da ciwonta ya yi tsanani muka dawo da ita Rano, ni ina rumfa da rana, Haladu ne ke zaune a gefenta yana ba ta kunu da cokali, yana juya ta in ta gaji da kwanciya. A hannunsa ta cika, wata Laraba da hantsi, ni ina hanyar dawowa daga sayo magani.

Bayan an yi sadakar uku muna zaune mu biyu a zaure, ya ce mini kwana biyu kafin rasuwarta ta tambaye shi ko katakon nasa yana nan. Ya ce yana nan. Ta ce ya ɗauko ya yi mata na masu daɓen nan, amma a hankali, kada ya tashi jikokinta daga barcin rana.